Zauren Tambaya: "Malam, na kasa karanta Kahfi ranar Juma'a"

Wasiƙu biyu na ware wannan makon, ɗaya daga Marwa, ɗaya daga Kusiri, duka a nan arewacin Kamaru. Masu tambaya kan rabon gado da zakkar auduga su yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba, don waɗannan biyun sun hana ni barci, ga kuma zafin Garwa da dama ba ya barin mutum ya runtsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, a nan Marwa, bana zan rubuta jarrabawar bak ta kammala sakandare. Malaminmu na filozofi, wato falsafa, ya rubuta mana tambaya a allo: shin abu yana zama mai kyau ne don Allah ya yi umarni da shi, ko kuwa Allah ya yi umarni da shi ne don dama mai kyau ne? Da muka fito gardama ta kaure tsakanina da wani abokina Kirista, wanda benci ɗaya muke zama shekara shida ke nan. Na jefa masa wata aya ta littafinsu da na gani a bidiyo a Facebook, inda aka ce a hallaka Amalekawa har da jarirai masu shan nono. Na ce masa wane irin Ubangiji ne wannan? Bai ce uffan ba. Washegari ya zo ya ce in faɗa masa laifin yaron da aka kashe a Suratul Kahfi, da laifin jariran da ruwan Ɗufana ya ci. Yau mako uku ba ma ga-maciji. Abin da ya fi damuna, Malam, na rasa amsar da zan ba kaina ma. Tun ina ƙarami nake karanta Kahfi duk Juma'a, yanzu in na kusa wurin sai in rufe Alƙur'ani. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce "La yus'alu amma yaf'alu," wato ba a tambayar Allah a kan abin da yake aikatawa, in je in yi istigfari. Na yi, amma abin yana nan. Shin na fita daga Musulunci ne ban sani ba? Daga wani ɗalibi, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka fita ba. Bari in fara sauke maka wannan kayan kafin mu shiga sauran. Wasu Sahabbai sun zo wajen Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wasu abubuwa a ransu waɗanda suke ganin girman furta su. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Ɓarawo ba ya fasa ɗakin da babu kaya. Da ba ka da imani, da barcinka kake sha, ba ka zauna kana rubuta wa wani tsoho wasiƙa zuwa Garwa ba.

Tambayarka ta mayar da ni wani zaure a unguwarmu, ina ɗan shekara goma sha biyar. Watan azumi ne, bayan la'asar, zauren ya cika maƙil, ana ta fifita da murfin kwali, malam yana fassara Jalalaini. Mai jan baƙi ya ja ayar: "Fanɗalaƙa hatta iza laƙiya gulaman fa ƙatalahu." Suka tafi, har da suka haɗu da wani yaro, sai ya kashe shi. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Allah gafarta Malam, me yaron ya yi?" Kafin malam ya ɗago kai wani dattijo a bayana ya sakar mini ranƙwashi a tsakar ka, ya ce, "Rufe mana baki, ɗan lekol!" Wato ɗan boko. Aka yi dariya, aka ci gaba. Na rufe bakin kuwa, har shekara goma sha ɗaya. Tambayar dai ba ta ji ranƙwashin ba, tana nan inda take.

Saboda haka ba zan yi maka ranƙwashi ba. Amma kuma ba zan raina limaminku ba, don ayar da ya karanta maka gaskiya ce, ita ce ta 23 a Suratul Anbiya. Ka koma ka karanta wadda ke gabanta, ta 22: da a ce akwai wasu alloli a sama da ƙasa ban da Allah, da sun lalace. Maganar da ake yi ita ce babu wani na biyu, babu wata kotu a saman Allah da za ta aika masa sammaci. Wannan daban, tambayar mai neman fahimta daban. In ba haka ba, ya za mu yi da mala'iku? A Baƙara aya ta 30, da Allah ya ce zai sanya halifa a bayan ƙasa, cewa suka yi: za ka sanya wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini? Ka ga tambayar malamin filozofinku ba ta kai wannan nauyi ba, kuma mala'iku ne suka yi ta tun ba a hura wa Adamu rai ba. Annabi Nuhu ya yi magana a kan ɗansa da ruwa ya ci. Annabi Ibrahim ya nemi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Mafi ban mamaki a wurina ita ce Suratu Hud, aya ta 74: da aka gaya wa Annabi Ibrahim za a halaka mutanen Luɗu, Allah ya ce "yujadiluna," yana jayayya da mu a kan mutanen Luɗu. Me ya biyo baya? Yabo. Lallai Ibrahim mai haƙuri ne, mai yawan tausayi, mai komawa ga Allah. Sai bayan yabon aka ce masa ya bar maganar, hukunci ya riga ya zo.

Yanzu mu je ga yaron. Ka buɗe Kahfi daga aya ta 60 zuwa ta 82, ka karanta a hankali, ka lura da wanda yake tsaye a inda kake tsaye. Annabi Musa ne, Kalimullah, ɗaya daga cikin Ulul Azmi. Shi ne ya ce: ka kashe rai tsarkakakke ba da hakkin wani rai ba? Lallai ka zo da abin ƙi. Kuma ya faɗi haka ne bayan ya yi alkawarin zai yi shiru. A karo na farko, da bawan Allahn nan Khidir, wanda mu Hausawa muke kira Halliru, ya huda jirgi, Musa ya ba da uzurin mantuwa. A kan yaron bai ce mantuwa ya yi ba. Ya gani ne, cikinsa ya juya, ya yi magana. Ka duba surar daga farko har ƙarshe, babu inda Allah ya zarge shi a kan wannan maganar. Khidir ɗin ma tun kafin su kama hanya ya ba shi uzuri a aya ta 68: yaya za ka yi haƙuri a kan abin da ba ka kewaye shi da sani ba? Abin da yake tsinka maka zuciya in ka zo wurin, shi ne ya tsinka zuciyar Annabi Musa, kuma Allah ne ya ga dama ya rubuta mana shi muna karantawa duk Juma'a. Wanda ya sa tausayin yaro a ƙirjinka shi ne ya saukar da surar.

Sai bayanin da ya zo a aya ta 80 da 81: iyayen yaron muminai ne, an ji tsoron ya jefa su cikin ɗagawa da kafirci, aka so Ubangijinsu ya musanya musu da wanda ya fi shi. A nan nake son ka yi hattara, don masu wa'azi da yawa suna ɗaukar wannan su mai da shi mudun da suke auna kowace mutuwa: wai duk yaron da ya mutu, da ya girma da ya lalace. Wannan mudu ya fashe tun fiye da shekara dubu a Basra.

Ana ba da labarin cewa Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira, ya tambayi malaminsa al-Jubba'i, jagoran Mu'utazilawa masu fifita hankali a aƙida, game da 'yan'uwa uku. Ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya girma ya mutu fajiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Malamin ya ce na farko yana da darajoji a Aljanna, na biyu yana wuta, ƙaramin ya tsira amma bai kai darajar na farko ba. Ash'ari ya ce to in ƙaramin ya ce, ya Ubangiji, me ya sa ba ka bar ni na girma na yi aiki irin na wana ba? Malamin ya ce Allah zai ce masa: na san da ka girma saɓo za ka yi, shi ya sa na ɗauke ka, hakan ya fi maka. Ash'ari ya ce: to in na cikin wutar ya ɗaga murya ya ce, ya Ubangiji, ni me ya sa ba ka ɗauke ni ina yaro ba? Malam ya yi shiru.

Ka gani? Fir'auna ma an bar shi ya girma. Abin da aka gaya wa Musa sirrin yaro ɗaya ne, a rana ɗaya, daga bakin wanda ya rufe maganarsa da cewa "wa ma fa'altuhu an amri," ban yi shi da ra'ayina ba. An ɗaga labule sau ɗaya aka sake shi. Ba a ba mu lissafin da za mu riƙa bugawa a kan 'ya'yan mutane ba.

Wanda ya warware mini ƙullin nan wani tsohon modibbo ne Bafulatani mai sayar da littattafai a kan tabarma kusa da masallacin Juma'a. Na je sayen Risala, hira ta yi hira, na yi ta maza na sake tambayar, ina kare kaina da hannu cikin raha. Bai yi dariya ba. Ya tura hannu cikin wani buhu ya zaro juzu'in Sahihu Muslim bugun Masar, irin mai jar takardar nan da ke karyewa in ka lanƙwasa, ya lashi yatsa yana buɗawa har ya kai Kitabul Jihadi, ya miƙo mini ya ce, "Karanta da bakinka." Wani jagoran Khawarijawa mai suna Najda ne ya rubuta wa Abdullahi ɗan Abbas wasiƙa yana tambayoyi, daga ciki har da batun kashe yara. Ibn Abbas ya amsa masa cewa Manzon Allah bai kasance yana kashe yara ba, don haka kada ka kashe yara, sai fa in ka san abin da Khidir ya sani game da yaron da ya kashe. Modibbo ya karɓe littafinsa ya ce, "Wa ya san abin da Khidir ya sani? Wahayi ya yanke. Ƙofa ta rufu."

Ban fahimci nauyin wannan magana sosai ba sai a watan Yulin 2015. Kai kana ƙarami lokacin, amma ka tambayi iyayenka ranar da bam ya tashi a bakin babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, da wanda ya sake tashi a Pont Vert bayan kwana uku. 'Yan mata ƙanana aka ɗaura wa abin. Waɗanda suka ɗaura musu sun iya jan aya, wasunsu ma sun fi ni ƙira'a. Abin da suka rasa shi ne wannan tsinkewar zuciyar da kake kuka da ita. Tun daga ranar, in yaro ya zo mini ya ce kisan da ke cikin wata ƙissa ya dame shi, ba na jin tsoro a kansa. Wanda nake tsoro shi ne mai karanta kisa ya ji daɗi, ya ɗaga kai yana neman wanda zai gwada a kansa.

To, tambayar allo. Tsohuwa ce, ta girmi malaminku da kakansa. Aflaɗon, masanin falsafar Girka, shi ne ya sa ta a bakin malaminsa Suƙuraɗu a birnin Atina kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan allolin Girkawa masu yawa waɗanda ba sa jituwa da juna. Malamanmu kuma sun yi ta dambe da ita da sunan tahsini da taƙbihi, wato wa ke cewa abu kyakkyawa ne ko mummuna, hankali ko shari'a? Mu'utazilawa suka ce hankali yana ganewa da kansa, har suka wuce gona da iri suka ce wajibi ne a kan Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa. Ash'arawa suka ce kyakkyawa shi ne abin da shari'a ta yaba, mummuna shi ne abin da ta hana, zalunci kuwa shi ne taɓa kayan wani, to komai na Allah ne, don haka zalunci ba ya ma yiwuwa a gare shi. A kan wannan aka rene mu, shi ne ke cikin littattafan tauhidin da muka haddace a zaure, irin su Ummul Barahina. Maturidawa, mabiyan Abu Mansur na Samarƙandi wanda ya rasu a 333, suka tsaya a tsakiya: hankali yana gane kyau da munin abubuwa da yawa, amma ba ya ɗora wa Allah doka. Daga baya Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka dage a kan cewa babu aikin Allah da ya rasa hikima, ko mun gan ta ko ba mu gan ta ba.

Tunda ni ka tambaya, ga inda zuciyata ta kwanta, tare da girmama malaman da suka koya mini wancan. Amsar "ai kayansa ne" tana rufe bakin mai gardama, amma ban taɓa ganin ta share hawayen uwa ba. Kuma akwai nassoshi biyu da suke ja na. Na farko hadisi ƙudusi na 24 a cikin Arba'una, wanda kowane ɗan islamiyya ya haddace: ya bayina, na haramta wa kaina zalunci, na sanya shi haram a tsakaninku, kada ku zalunci juna. Kalma ɗaya ce aka yi amfani da ita a ɓangare biyun. Zaluncin da ya haramta wa kansa shi ne wanda ya haramta mana, wanda muka sani, wanda ko yaro ɗan shekara huɗu yana ganewa in aka ƙwace masa ƙosai aka ba wansa. Na biyu Suratul A'arafi aya ta 28: mushirikai in sun yi alfasha sai su ce haka muka tarar da iyayenmu, kuma Allah ne ya umarce mu. Ba a ce musu ku kawo shaidar umarnin ba. Cewa aka yi: Allah ba ya umarni da alfasha. Ashe alfasha abu ce da ake gane ta tun kafin a zo maganar umarni, har ma da ita ake gane cewa wani umarnin ƙarya aka jingina wa Allah. Saboda haka in ni ne a ajinku, zan ce tambayar ta raba abin da ba ya rabuwa. Babu wata doka da ke rataye a saman Allah yana yi mata biyayya, kuma ba ya wayi gari ne ya ga dama ya kira zalunci adalci ba. Adalci da rahama siffofinsa ne tun azal, umarninsa daga gare su yake fitowa, kuma ɗan abin da ya zuba mana na gane su daga can ya zo. Shi da kansa ya ce ya wajabta wa kansa rahama, a Suratul An'ami aya ta 54.

Jariran Ɗufana kuwa, wasu littattafan tafsiri sun kawo ruwayar cewa mata sun daina haihuwa shekaru kafin ruwan. Ba na dogara da ita, amma tana nuna maka cewa malaman da ma abin ya taɓa su har suka nemi mafita. Abin da ya inganta shi ne hadisin Ibn Umar a Bukhari: in azaba ta sauka wa mutane takan shafi duk wanda ke cikinsu, sannan a tashi kowa a kan aikinsa. Mutuwa tare ba hukunci tare ba ne. Mai laifi ba ya ɗaukar laifin wani, kuma Allah ba ya azaba sai ya aiko manzo, duka biyun a aya ɗaya suke, Isra'i ta 15.

Saura abokinka. Ɗana, kai ka fara, kuma laifi tudu ne. Ayar da ka jefa masa tana cikin littafin Sama'ila na fari, sura 15, kuma kada ka zaci kai ne ka fara ganinta. Ina da maƙwabci Kirista, tsohon malamin asibiti mutumin Kaele, shekara ashirin muna shan shayi a gindin dalbejiya ɗaya. Shi ya ba ni labarin wani Markiyon da irin waɗannan ayoyi suka dame shi har ya ce a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiyar Rum ta kore shi a shekara ta 144 Miladiyya. Wani malaminsu na Iskandariya, Orijin, ya karanta yaƙe-yaƙen Joshuwa a matsayin yaƙi da zunubin da ke cikin zuciya. Wasu na yanzu suna cewa salon maganar yaƙi ne na mutanen wancan zamani, irin "mun share su ƙaf," suna kafa hujja da cewa Amalekawan nan sun sake ɓullowa a sura 30 ta littafin, Dawuda yana fafatawa da su. Ba aikina ba ne in zaɓar musu amsa, mu muna da abin da muka yi imani da shi game da littattafan da suka gabata. Amma ran nan ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa ya buɗe mini Farawa sura 18, inda Ibrahim yake roƙo a kan Saduma, yana ragi kamar mai cinikin shanu a kasuwar Adumri: in akwai salihai hamsin fa? Arba'in da biyar fa? Har ya sauko goma. A tsakiya ya ce, ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Ni kuma na karanta masa "yujadiluna fi ƙaumi Luɗ." Muka dubi juna, shayi ya huce a kofi. Tambaya ɗaya ce ku biyun kuke ɗauke da ita, kuka mai da ita dutse kuna jifan juna.

Suratul Ankabuti aya ta 46 ta hana mu jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau. Gobe ka riga shi zuwa benci, ka miƙa masa hannu, ka ce ka yi kuskure a yadda ka yi maganar. In da ɗari biyu a aljihunka, ka saya muku ƙosai a bakin ƙofar makaranta. Ranar Juma'a kuma ka buɗe Kahfi, in ka zo aya ta 74 kada ka tsallake, ka karanta maganar Annabi Musa da ƙarfi. A takardar bak kuwa, in tambayar ta fito, ka kawo musu Ash'ari da Jubba'i kusa da Aflaɗon, mai gyaran takarda zai gyara zama.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. 'Yata ce take rubuta mini wannan. A ambaliyar 2024 ruwa ya ci gidanmu a Kusiri, muka koma zaman tanti. A can zazzaɓi ya kama autana ɗan shekara uku, kwana huɗu ya rasu. A wurin zaman makoki wata mata ta ce ruwan nan azaba ce saboda zunubin mutanen gari, kowa ya duba abin da ya aikata. Tun ranar nake lissafin laifuffukana. Malam, ni na jawo masa? Daga wata uwa, Kusiri.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, ya ba ki dangana. Ba ke kika jawo masa ba. Ki daina lissafin.

Manzon Allah (SAW) 'ya'ya bakwai ya haifa, shida ya binne da ransa: Alƙasim, Abdullahi, Ibrahim, Zainab, Ruƙayya da Ummu Kulsum. Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa. Wane zunubi matar nan za ta lissafa masa? Ranar da Ibrahim ya rasu yana ɗan jariri, rana ta yi husufi a Madina, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ga uba cikin baƙin ciki, ga magana mai daɗin ji, amma ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wanda wahayi ke sauka gare shi bai yarda a fassara abin da ya faru a sama da ka ba. Ita wa ya aiko mata da fassarar ruwan kogin Logon? Kusiri tana zaune ne a inda Logon da Shari suke haɗuwa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwan da aka yi a kudu sai wajen Oktoba yake isowa gare ku. A shekarar ya ci Yagwa, ya ci unguwannin Njamena, ya shiga masallatai da coci-coci, bai tambayi kowa yawan nafilarsa ba.

Ki yi kukanki, ba saɓo ba ne. Shi ma ya yi, yana riƙe da Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A cikin Bukhari kuma, a dogon mafarkin da ya ba Sahabbai labari, ya ga wani dogon mutum a cikin lambu kore shar, yara birjik kewaye da shi. Aka ce masa Annabi Ibrahim ne, yaran kuwa waɗanda suka mutu a kan fiɗira ne. Can autanki yake, a hannun da ya fi nawa da naki.

Abu ɗaya zan roƙe ki saboda sauran yaran gidan. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kwantaccen ruwan da ambaliya ke bari shi ne gidan sauro. Duk damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wata-wata, kada a bar shi a ƙarƙashin katifa, a ba su har ya ƙare. Tun watan Janairun 2024 kuma Kamaru ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga jarirai daga wata shida, kyauta, sau huɗu ake yi. In akwai jariri a gidan, ko na kishiya ko jika, ki sa a tambaya a asibitin da ke kusa da ku ko ta iso wajenku. Jikin yaro in ya yi zafi da dare, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Ke kuma 'yata mai rubutu, ki karanta wa Mama wannan a hankali, sau biyu, in ta nemi a maimaita wurin lambun ki maimaita mata.